Shekara Uku Ina Raba Dare Ido Biyu

Shekarata 69 a duniya. Na koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare har tsawon shekara 35, sannan ƙa'idar aikin gwamnati ta cika, na ajiye alli na dawo gida Zariya. A duk waɗannan shekaru ban taɓa sanin barci abu ne da mutum zai nema ya rasa ba. Nakan dawo daga makaranta a gajiye, in zauna duba takardun ɗalibai har bayan isha'i, da na ɗora kaina a kan matashi kuwa sai kiran assalatu ne zai tashe ni. Ina ba da wannan labari ne saboda na san a kusan kowane gida akwai dattijo ko dattijuwa da ke kwana ido biyu, an kuma gaya masa haka tsufa yake, shi ma ya yarda ya yi shiru.

Abin ya fara a shekara ta biyu bayan ritayata, kuma a hankali ya shigo, yadda gara ke cin azara ba a ji ba a gani. Da na dawo daga sallar isha'i na ci tuwo, sai idanuna su yi nauyi, in shige ɗaki tun wajen ƙarfe takwas da rabi. Barci kan ɗauke ni nan da nan, amma wajen ƙarfe ɗaya na dare sai in farka tangaran, kamar wanda aka yayyafa wa ruwan randa. Daga nan shi ke nan. Na san lokacin da janareton maƙwabcinmu ke mutuwa, na san lokacin da mai gadin layi ke hura usur, na san karen da ke fara haushi da wanda ke amsa masa daga bayan kwata. Fitsari kan fitar da ni sau uku, wani lokaci sau huɗu. Tsakanin wannan fita da waccan ina kwance ina juye-juye, ina haska agogon bango da tocila, ina lissafin sa'o'in da suka rage kafin asuba.

Rashin barcin kansa bai kai abin da ke zuwa tare da shi ciwo ba. Dare idan ya raba, tunani ba ya zuwa da sauƙi. Garatutina a lokacin bai fito ba, fansho kuma wani wata a gani wani wata a ji shiru, ga autata an sa mata rana ba a haɗa kayan ɗaki ba. Idan na gama da wannan sai in koma ƙirga abokan karatunmu na kwalejin horon malamai, wane ya rasu, wane yana kwance, wane an daina jin ɗuriyarsa. Abin da mutum zai tuna da rana ya ce Allah Ya jiƙansu ya wuce, da ƙarfe biyu na dare sai ya zauna masa a ƙirji kamar dutsen niƙa.

Na faɗa wa mutane. A majalisarmu ta ƙofar gida amsar ɗaya ce: "Ai Malam girma ne ya zo, tsoho ba ya barci." Wani aminina kuma ya ce in gode wa Allah, Shi ne ke tashe ni in yi nafila lokacin da bayi ke kwance. Wannan magana ta shige ni, na kuwa riƙe ta. Sai in yi alwala in hau darduma, amma gaskiyar magana ita ce sau da yawa ban san raka'a nawa na yi ba, kuma akwai daren da na farka na tarar da goshina a ƙasa, ban san tun yaushe nake cikin sujadar ba. Da na kai wa limaminmu wannan damuwa, bai yaba mini ba. Ya karanto mini hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya ce idan gyangyaɗi ya kama ɗayanku yana salla to ya kwanta har barcin ya sake shi, domin mai salla cikin gyangyaɗi zai iya nufin neman gafara ya ɓige da zagin kansa. Ya tuna mini maganar Salmanul Farisi ga Abu Darda'i, wadda Annabi ya gaskata, cewa kanka ma yana da hakki a kanka. Ya ƙara da ayar Suratun Naba'i da ta ce an sanya barcinmu hutu, an sanya dare sutura. Ya ce, "Malam, wanda ya tashi don kansa daban, wanda barci ya gagara daban. Ka nemi magani."

Na nemi maganin, amma ta ƙofar da ba ta dace ba. Kafin in kai ga wannan, ya kamata in faɗi yadda yinina ya koma, domin daga baya na gane nan ne gizo ke saƙar. Bayan sallar asuba nakan koma in kwanta har hantsi ya dubi ludayi, da sunan biyan bashin dare. Ba ni da inda zan je, saboda haka sai in wuni a zaure, rana ba ta taɓa ni ba, ƙafata ba ta taka ko'ina ba sai masallacin da ke taku kaɗan daga gida. Bayan azahar in sake kwanciya har la'asar ta kusa. Kasala ba ta sakina, don haka na ƙara yawan goro. Da can ƙwaya ɗaya ke kai ni yini, sai ga shi ina cin uku, ɗaya daga ciki bayan magariba, in kora da shayi mai kauri da yaro ke karɓo mana daga wajen mai shayin bakin titi. Halina ma ya canza. Wata rana jikata 'yar shekara biyar ta kawo mini fura, ta yi tuntuɓe da bakin tabarma kwanon ya kife, na daka mata tsawar da ban taɓa daka wa ɗalibi a aji ba. Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona, leɓenta na rawa, ko kuka ta kasa. Sai da ta yi kusan mako ba ta shigo zauren ba.

Wani daga cikin 'yan majalisa ne ya ce in je kemis. Yaron kemis ɗin ya fara ba ni Piriton, maganin mura da ƙaiƙayi mai sa barci. Ya ɗan yi aiki kwana biyu, sai na ga fitsarina ya fara wahalar fita, in daɗe a tsugunne yana ɗiga, bakina kuma ya bushe. Da na koma sai ya ciro wata 'yar ƙwaya daga ƙasan kanta, bai tambaye ni takardar likita ba, bai tambayi shekaruna ko wani magani da nake sha ba. Diyazefam ce mai miligiram 5, wadda aka fi sani da Valium. Daren farko na yi barcin da na manta rabona da irinsa, na tashi ina sa wa yaron albarka. Bayan wata uku ƙwaya ɗaya ta daina kai ni ko'ina, na mayar da ita biyu. Duk daren da ta ƙare mini kuwa, yadda na ga rana haka nake ganin dare, ga faɗuwar gaba, ga rawar hannu. Na kusa shekara biyu a haka, ko Hajiya ban gaya wa ainihin abin da nake haɗiya ba.

Wani dare cikin hunturu, wajen ƙarfe biyu da rabi, na tashi zan zaga. Na ɗauki buta na fito tsakar gida, iska na kaɗa ganyen darbejiya, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Akwai 'yar matakala guda ɗaya tsakanin baranda da tsakar gida, wadda ni na sa aka gina ta, na kuma taka ta sau dubbai. Ban gan ta ba. Abin da na iya tunawa shi ne ƙarar butar tana gangarawa a kan siminti, da sanyin ƙasa a kumatuna, da wani ɗumi da ke bin girata yana shiga idona. Na yi ƙoƙarin dafa ƙasa in tashi, hannun dama ya ƙi. Hajiya ta fito da fitila tana salati. Wuyan hannuna ya karye, girata kuma sai da aka yi mata ɗinki.

Babbar 'yata ce ta hana a tsaya a kan ɗori kawai. Ta ce, "Baba, mutum ba ya faɗuwa haka kawai a gidan da ya gina. Sai an duba ka." Ta tattara duk wani magani da ta samu a ɗakina cikin leda, har da wanda na ɓoye a aljihun babbar riga, ta kai ni wajen wata likita a sashen kula da lafiyar iyali. Likitar ba ta kai 'yata shekaru ba. Ta zazzage ledar a kan tebur, ta ware ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga ta diyazefam ta ce, "Baba, wa ya rubuta maka wannan?" Na ce babu kowa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce a jikin saurayi ɗan shekara 20 wannan magani kan ɗauki kimanin sa'a 20 kafin rabinsa ya fita, amma a jikin dattijo yakan ɗauki kwana uku ko fiye, saboda hanta ta rage sauri. Ke nan ƙwayar daren jiya tana nan a jinina lokacin da nake haɗiyar ta yau, suna taruwa suna kashe mini ƙafa da tunani. Ta ce tun 1991 wani likitan Amurka mai suna Mark Beers ya tsara jerin magungunan da ya kamata a yi kaffa-kaffa da su ga tsofaffi, jerin da ƙungiyar likitocin tsofaffi ta ƙasar ke sabuntawa har yau, kuma duka biyun da na sha suna ciki. Ta ce in gode wa Allah da hannu ne ya karye, domin karayar ƙugu ita ce ke kwantar da dattijo kwanciyar da da yawa ba sa tashi daga gare ta.

Na ce to daga yau na daina. Ta ce a'a, wannan ma haɗari ne, domin wanda jikinsa ya saba da ita idan ya yanke lokaci guda zai iya kaiwa ga jijjiga irin ta farfaɗiya. Ta tsara mini yadda za a riƙa rage ta kaɗan-kaɗan, abin da ya ɗauke mu kusan wata huɗu.

Sannan ta shiga tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini. Ta tambayi lokacin da nake shan maganin hawan jini. Na ce da daddare, domin na haɗa duk magungunana wuri guda bayan isha'i don kada in manta. Ashe ɗaya daga cikinsu aikinsa ke nan ya fitar da ruwa ta hanyar fitsari, da safe ya kamata a sha shi, ni kuwa na shekara da shekaru ina haɗiyarsa in kwanta. Ta sa aka gwada jinina don ciwon suga, aka tarar babu. Aka duba ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda suke kira furostet, aka ga ya ɗan girma kamar yadda yake yi wa maza da yawa idan shekaru sun ja, kuma Piriton ɗin da na sha shi ya ƙara matse hanyar. Ta juya ga Hajiya ta ce, "Mama, idan yana barci yakan yi minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya tsaya, sannan ya zabura kamar an shaƙe shi?" Hajiya ta ce minshari dai kaɗan, amma ba ta taɓa jin ya ɗauke ba. Daga ƙarshe ta dube ni ta ce, "Baba, akwai abin da ke damun zuciyarka?" Na yi niyyar in ce lafiya lau, kamar yadda muka saba, sai na ji bakina ya fara zancen fansho da abokan da suka tafi. A al'adarmu dattijo ba ya kai kukan zuciyarsa gaban 'yar cikinsa, kuma ina ganin wannan kunya ta cuci da yawa daga cikin sa'o'ina.

Aikin da ta ba ni ya dace da tsohon malami. Ta ce in samu littafin rubutu in yi mako biyu ina rubuta lokacin da na kwanta, da lokacin da na farka, da duk wani barci ko gyangyaɗi na rana, da kowane goro da kofin shayi. Na ja layuka da rula kamar rajistar aji, jikana yana rubuta mini tunda hannuna na ɗaure. Da muka koma ta tara lissafin a gabana. Barcina na dare da na bayan asuba da na bayan azahar, idan an haɗa, ya kusa sa'a bakwai. Abin da masana suka yi ittifaƙi a kai shi ne wanda ya haura 65 yana buƙatar sa'a bakwai zuwa takwas, kusan daidai da na magidanci mai shekara 40. Ke nan maganar da ake yi cewa tsoho ba ya buƙatar barci ba ta da tushe. Abin da ke canzawa da shekaru shi ne barci mai nauyi yana raguwa, ƙaramin motsi na iya tayar da mutum, kuma agogon jiki yana matsowa gaba, ya jawo barci da wuri ya kuma sake shi da wuri. Ni kuwa na ɗauki rabon darena na yayyanka shi na cinye da rana, sannan in zo in shimfiɗe a gado sa'a takwas da rabi ina jiran abin da na riga na kashe.

Ta yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kuma yawansa ne ke zama nauyin ido da daddare, kamar yadda yunwa ke taruwa ga mai azumi. Dogon barcin rana yana zubar da shi. Kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi kuma yana toshe wurin da wannan sinadari ke kamawa, sannan bayan sa'a biyar ko shida rabinsa na nan a jiki bai fita ba. Goron da na ci bayan magariba yana nan yana aikinsa da ƙarfe ɗaya na dare, daidai lokacin da barcin farko ya yi sauƙi.

Ba ta rubuta mini ƙwayar barci ko ɗaya ba. Ta ce tun 2016 babbar ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar cewa gyaran ɗabi'a da tunani shi ne matakin farko ga rashin barcin da ya daɗe, kafin a yi zancen magani. Ta ce kada in kwanta kafin ƙarfe goma, in tashi lokaci guda kullum, wanda sallar asuba ta riga ta yanka mini, kuma bayan asuba kada in koma gado, in fita in yi tafiya hasken safiya ya shiga idona, domin da shi agogon jiki ke daidaita kansa. Ƙailula ba ta hana ni ba, amma ta ce kada ta wuce rabin sa'a. Goro daga azahar an rufe. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne da ta ce idan na farka na ga barci ya ƙi dawowa, kada in zauna a gado ina kokawa, in tashi in koma wani wuri mai ƙarancin haske in yi abin da zai kwantar mini da hankali, sai ido ya yi nauyi in dawo. Ta ce shekara uku ina koya wa jikina cewa gado wurin lissafi da fargaba ne, yanzu sai an sake koya masa. Agogon bango ma ta ce a fitar da shi daga ɗakin.

Zaman har ƙarfe goma ya ɗan tsaya mini a rai, domin na san hadisin Abu Barza cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta. Liman ya nuna mini cewa Bukhari da kansa ya ƙulla babi a kan hirar dare don ilimi, da wani a kan hira da iyali da baƙo. Sai na mayar da wannan lokaci na bitar karatun jikokina, su kawo allo da littattafan boko mu zauna a baranda. Ta nan ne yarinyar da na yi wa tsawa ta dawo jikina.

Makonni biyun farko sun fi duk abin da ya gabata wuya, kuma ba zan ɓoye wa kowa wannan ba. Bayan asuba jikina kan yi ta roƙon katifa, in daure in sa takalmi in kama hanyar Ƙofar Doka da hannu a rataye, ina tafe ina hamma. Rashin goron yamma ya sa mini ciwon kai na kwanaki. Sau biyu na karya doka na kwanta bayan azahar har la'asar, kuma duka biyun na biya da daren. Hajiya ce ta riƙe mini amana, ita ke tashina daga ƙailula ko da ina ɓata rai, ita ta karɓe kwalbar ƙwayar tana ba ni gwargwadon abin da likita ta rubuta. A mako na huɗu, wani dare na kwanta ƙarfe goma, na farka na zaga sau ɗaya, na dawo, sai muryar ladan na ji. Na zauna a bakin gado na daɗe ina hamdala kafin in ɗauki buta.

Yau shekara huɗu ke nan rabona da ƙwayar barci. Ba kowane dare ne ke zuwa yadda nake so ba. A watannin bazara, idan zafi ya tsananta kuma ba wuta, nakan watsa ruwa kafin in kwanta, in fito da katifa baranda in ɗaura gidan sauro, duk da haka wani daren sai an sha fama. Ranar da aka yi mini rasuwa ma na san ba zan runtsa da wuri ba. Bambancin shi ne yanzu ba na tsorata, nakan tashi in zauna a kujera da carbina har ido ya yi nauyi, washegari kuma in tashi a lokacina, ba na biyan bashi da rana. Nafilata ta dawo 'yan raka'o'i kafin asuba, waɗanda na san abin da nake karantawa a cikinsu. An sa ƙaramar fitila mai cajin rana a kan matakalar nan, an kuma shafa wa bakinta farin fenti. Goro ina ci, ɓari ɗaya na daushe da hantsi.

Aminin nan nawa da ya ce in gode wa Allah, shi ne yanzu abin damuwata. Mutum ne mai jiki da kaurin wuya, hawan jininsa ya ƙi jin magani, kuma ana cikin magana da shi a majalisa sai ka ga kansa ya langaɓe. Da muka yi tafiya ɗaurin aure Katsina muka kwana ɗaki ɗaya, na ji da kunnena yadda minsharinsa ke yankewa ɗif, in ƙirga har goma sha biyar, sannan ya fizgo numfashi da ƙarfi. Na tuna tambayar da likita ta yi wa Hajiya. Wannan toshewar maƙogwaro ce cikin barci, tana da alaƙa da hawan jini da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma ƙwayar barci ƙara mata muni take yi. Na gaya masa ya ce shi tun yana saurayi haka yake minshari. Na samu babban ɗansa na zayyana masa abin da na ji, ya karɓi katin asibiti, kuma na ce ranar Talata ni zan zo da kaina in raka su.